Kuɗin ba-zata da takardar lanho: jagora ga dattawan Yamai

Idan aka zauna da dattijo aka bi sawun kuɗin da suka fita daga hannunsa cikin shekara da sunan ba-zata, sai a tarar mafi yawansu suna da rana sananniya. Ragon layya yana da watansa. Jikoki suna komawa makaranta a Oktoba. Rufin da ya yi yoyo a Agusta tun Afrilu yake da rami, ba a hau an duba ba ne kawai. Takardar lanho, wato haraji, ma kowace shekara take zuwa. Abin da ke faɗowa babu sallama da gaske bai wuce ciwo na farat ɗaya, rasuwa, gobara, ɓarawo da ambaliya ba. Mai albashi yana iya haɗa kashi biyun nan a tukunya ɗaya ya tsira, don gobe zai sake samu. Wanda ya yi ritaya, ko wadda ƙarfinta ya ja baya ta bar kasuwa, kuɗinsu a ƙayyade suke. Aikin farko a gare su shi ne raba abin da ke da rana da abin da ba shi da ita.

Takardar shekara

Samo littafi mai layi, ko ka sa ɗa ko jika ya riƙe alƙalami. A shafin farko a rubuta abin da ke shigowa tabbas: fansho daga CNSS ko CARENI, hukumomin biyan ƴan ritaya, kuɗin hayar ɗaki, abin da wani ɗa ya saba aikowa ba fashi. Kyautar da ke zuwa in an ga dama kada a rubuta ta, don wanda ya lissafa da ita zai ci bashi a kanta.

A shafi na biyu a jera watanni goma sha biyu, a sa wa kowane wata nauyinsa. A Yamai tsarin kusan ɗaya ne a kowane gida. Farkon shekara na takardun mota ko babur ne da haraji. Maris zuwa Mayu zafi ne, kuɗin wuta da na ruwa su hau, a kuma gyara rufi. Yuni zuwa Satumba hatsi ya yi tsada, masassarar cizon sauro ta shigo gida. Oktoba makaranta. Azumi da salloli biyu suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, saboda haka a duba inda za su faɗa bana.

Ga misali da alƙaluman da muka zaɓa don lissafi kawai, kowa ya sa nasa. Gida mai samun jika 150 a wata (jika ɗaya sefa 1,000 ce), fansho 120 da haya 30. Ragon layya jika 100, azumi da ƙaramar salla 70, makarantar jikoki 60, gyaran gida kafin damina 40, haraji da takardun babur 30. Jimla jika 300, wato jika 25 kowane wata. Wannan 25 ɗin a cire ta ranar da kuɗi suka shigo, kafin a auno ko tiya ɗaya ta gero. Wanda fanshonsa ke zuwa bayan wata uku ya cire 75 nan take, sauran ya kasa uku, ya ɗauki kaso ɗaya kawai zuwa gida. Inda mutane ke faɗuwa shi ne makon farko: kuɗi sun zo a dunƙule, masu bin bashi da masu roƙo duk sun san ranar, kafin a kai wata na uku an koma cin bashi a shagon unguwa.

In lissafi ya nuna abin ya fi ƙarfin samu, a rage shi tun a kan takarda. Ɗan rago da aka saya wata biyar ko shida kafin salla aka ɗaure a gida da dusa da harawa ya fi sauƙi a kan na kasuwar Turaku a makon salla, muddin akwai mai kula da shi. Hatsi a saya da kaka. In za a ajiye wake, a zuba shi a jarka ko buhu mai leda biyu a toshe iska, in ba haka ba ƙwari su cinye ribar. A kuma kasa kunne ga lokacin da OPVN, hukumar rumbun abinci ta ƙasa, ke fito da hatsi a farashi mai rahusa ta hannun ma'aikatun magajin gari.

Sai maganar biki da suna da gaisuwar rasuwa, wadda babu mai son a taɓa. Dattijo a unguwa kusan kullum akwai inda ake jiransa, kuma hannu ba ya zuwa haka nan. Yanke wa gudummawa adadi a wata, in ya ƙare a je da ƙafa da addu'a. Mutumin da ya shekara talatin yana kai wa mutane gudummawa ba zai zama marowaci don ya rage ba, kuma masu hankali sun san fansho ba albashi ba ne.

Asusun da ba a taɓawa

Bayan kuɗin shekara sai na gaggawa. Abin da ake nufa shi ne a tara kuɗin abinci da magani na wata uku. Ba a wata ɗaya ake kai wa ba. Jika 10 a wata, a shekara ta zama 120, kuma wannan ta isa ta hana mutum tsayawa ƙofar maƙwabci da tsakar dare.

A kasa shi biyu. Jika 30 zuwa 50 su zauna a gida a tsabarsu, a wurin da maigida da mutum ɗaya amintacce suka sani, don kuɗin taksi da awon farko da maganin daren farko. Sauran a kai inda hannu ba ya kaiwa da sauri. Asusun ajiya na banki a ƙasashen da ke amfani da sefa ta BCEAO, babban bankin yankin, yana ba da kashi 3.5 cikin ɗari a shekara. Wanda ba ya son kuɗin ruwa yana da Banque Islamique du Niger, ko ya buɗe asusun da ba ya haihuwa. Akwai abin da ya kamata a sani kafin a zuba duk ajiya wuri ɗaya: in ma'ajiya ta durƙushe, asusun lamunin ajiya na yankin yana mayar wa mutum har sefa 1,400,000 a banki, amma 300,000 kawai a ƙananan asusun bashi da ajiya. Duk abin da ya haura haka ba shi da wannan kariya.

Adashi yana da kyau ga kuɗin da ke da rana. Nemi kwasarka ta faɗo wata ɗaya kafin layya ko kafin makaranta. Ga gaggawa kuwa ba ya aiki shi kaɗai, don ciwo ba ya jiran zagaye. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a Maraɗi a 1991, sun fi dacewa da wannan, saboda ban da zubin mako suna ware ɗan asusun taimako suna kuma ba da ƙaramin rance. Uwargida da ke cikin irinsu ta riƙe wurinta.

Rufi, famfo da wuta

Gida ne ke cinye ajiyar tsofaffi a ɓoye, kuma nan ne ƙaramin kuɗi da aka kashe da wuri ke tare babba.

A Afrilu ko farkon Mayu a sa yaro mai hankali ko magini ya hau rufi. In kwano ne, a shiga ɗaki da rana a rufe ƙofa da taga, duk inda haske ya ɓullo nan ruwa zai bi. Yawanci kwanon da kansa lafiya lau yake. Robar da ke ƙarƙashin kan ƙusa ce rana ta ƙona ta farfashe, ko iska ta ɗaga bakin kwano inda biyu suka haɗu. A canza ƙusoshin da robobinsu, a liƙe ƙananan ramuka da kwalta, a duba katakon da gara ta ci. Iskar da ke riga ruwan farko ita ke yaye rufi, kuma tana farawa ne daga kusurwar da ta saki. In soro ne na ƙasa, a share indararo, a cike tsagar da ke gefen rawani, a tabbatar ruwa yana gangarowa ba ya kwanciya.

Katangar ƙasa daga gindi take mutuwa. Ruwan indararo yana dukan ƙasa ya fantsamo, ko ruwan tsakar gida ya kwanta a jikinta, gindin ya jiƙe ya zaizaye, rana ɗaya ta kife gaba ɗaya. A ƙara wa indararo tsawo, a sa dutse ko fasasshen bulo inda ruwan ke sauka, a gyara gangaren tsakar gida ya nufi rariya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne shafa siminti kai tsaye a kan ginin ƙasa. Ba ya kamawa. Bayan damina ɗaya ko biyu sai ya ɓamɓaro, ruwa ya shiga bayansa ya ɓuya, katangar ta riƙa ruɓewa ba a gani. In za a yi, a kafa ragar waya da ƙusoshi tukuna, a kwaɓa buhu ɗaya na siminti mai kilo 50 da baro biyu na yashi mai kyau, a shafe aƙalla rabin mita daga ƙasa, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma kwana uku zuwa bakwai. Simintin da aka bari ya bushe da zafin Afrilu babu ruwa tsagewa yake yi.

Kayan aiki ka saya da kanka a Katako ko ka aiki naka, bayan ka tambayi farashi wuri uku. Da magini a yi jinga a kan aikin gaba ɗaya, kada a yi ta kwana. A ba shi kashi ɗaya cikin uku a farko, ɗaya a tsakiya, na ƙarshe a riƙe har a watsa ruwa a rufin a gani, ko ruwan farko ya sauka.

Mazauna Harobanda da bakin kogi, su Lamorde, Karaje, Kirkisoy da Saga, sun ga abin da ya faru a Satumbar 2020 da madatsar Lamorde ta ɓalle, kuma daminar 2024 ta rusa gidaje a duk faɗin ƙasa. A irin waɗannan unguwanni a ɗaga dokin ƙofa, a tanadi buhunan yashi tun Yuli, hatsi ya hau kan benci, takardu su shiga leda su hau sama. A kuma san tun yanzu gidan wa za a kwana in ruwa ya shigo.

Takardar ruwa da ta ninka ba dalili, kafin a je a yi faɗa a ofishin NDE, ma'aikatar ruwan famfo wadda ta karɓi aikin SEEN a 2024, a yi wannan gwajin. Da dare a rufe duk famfunan gida, a rubuta lambar da ke kan mita har da jajayen, da asuba kafin kowa ya yi alwala a sake dubawa. In lambar ta motsa akwai yoyo, kuma duk yoyon da ke bayan mita mai gida ke biya. A fara da tankin masai na zamani, wanda robarsa kan saki ruwa ya yi ta zurara ba ƙara, sannan a nemi inda ƙasa ke da danshi ko ciyawa ta tsiro a tsakar rani. Mita ɗaya ta ruwa da ake lissafawa a takarda (m³) lita 1,000 ce, jarka 40 masu lita 25. Farashin hawa-hawa ne, gwargwadon yawan shan gida gwargwadon tsadar kowace mita. Shi ya sa mai gidan da ya haɗa mita ɗaya da ƴan haya uku yake biyan ruwansa da tsada. Raba mita ya fi raba gardama kowane wata.

Wuta ma haka. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi tana shan wajen kilowat 9 a dare na awa takwas. Fankar sama ba ta wuce rabin kilowat da ɗan kai a wannan lokacin. Amma kada tsimi ya sa a bar tsoho mai hawan jini a ɗakin kwano a Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, don kwana biyu a asibiti sun fi kuɗin wutar wata. Na'urar da ake zuba wa ruwa tana busa sanyi ba ta shan wuta sosai, kuma tana aiki da kyau kafin iska ta yi laima. In Nigelec ta ɗauke wuta a zare firji, in ta dawo a jira minti biyar kafin a mayar. Injin firji yakan ƙone ne in aka tashe shi nan take ko wuta ta dawo da ƙarfi.

Jinya

Tun Satumbar 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da awo da aiki da rabi a asibitocinta. Wannan ragi bai hana a rubuto magani a ce a je a saya ba, kuma nan kuɗi ke tafiya. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya sa maganinsa cikin kuɗin abinci, kada ya jira sai abin da ya rage. Wanda ya daina sha don ya ji sauƙi ko don wata ya yi nisa, shi ne ake ɗauka da shanyewar ɓarin jiki, kuma jinyar wannan shekaru take ci. A roƙi likita ya rubuta sunan sinadarin maganin, a tambayi mai farmasi samfurin da ya fi araha mai sinadari ɗaya. Na masu yawo da tire a rana a bar musu.

A fara da asibitin unguwa, CSI, a karɓi takardar turawa in abin ya fi ƙarfinsu. Tsohon ma'aikacin gwamnati ya nemi takardar ɗaukar nauyin jinya a CARENI tun kafin ranar aiki. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin jin ƙai na asibitin, ya kuma nemi takardar shaidar rashin ƙarfi a ma'aikatar magajin gari. Mutane da yawa kunya ke hana su, alhali don su aka buɗe ofishin.

Lanho

Tsufa ba ya share sunan mutum daga rajistar haraji da kansa. Sai an je an faɗa, a rubuce.

Harajin da ke iske dattijo a Yamai ya kasu gida-gida. Akwai na gari, wanda ake bi ta hannun mai unguwa a kan mutanen da ke cikin takardar iyali. Akwai na gidan haya da shagon haya, wanda ofishin haraji na ƙasa, DGI, ke karɓa. Akwai na ƙaramin ɗan kasuwa, wanda a takarda ake rubuta impôt synthétique. Akwai binyet, harajin shekara na mota. Akwai kuma waɗanda ake biya ba a ji ba, kamar TVA, harajin da ke cikin farashin kaya, ta kashi 19 cikin ɗari a kan kaya da yawa, da harajin mazauni da dokar kasafin 2018 ta shigo da shi ta cikin takardar Nigelec. Adadin kowanne dokar kasafi ke iya sauya shi, saboda haka a farkon kowace shekara a tambayi ofishin da kansa.

Yawancin tarin bashin haraji da ke faɗo wa tsofaffi daga abubuwa huɗu yake fitowa. An rufe shago shekaru uku da suka wuce, ba a kai takardar daina aiki ba, ofis yana ta lissafi. An sayar da mota, carte grise, takardar mallakar motar, tana nan da sunan tsohon mai ita. Ɗan haya ya tashi, ɗaki ya yi wata takwas a rufe, ba a sanar ba. Ko kuma takardar iyali tana ɗauke da ƴaƴan da suka yi aure suka tashi, har da waɗanda suka rasu. Kowanne maganinsa wasiƙa ce guda da tafiya guda. Game da harajin gari, doka ta jera waɗanda aka ɗauke wa. A je da takardar iyali da katin ɗan ƙasa a nemi a duba sunan kowa da wannan jerin, a cire wanda ya cancanta.

Mai gidan haya ya ɗauki al'ada ɗaya: duk kuɗin hayar da ya shigo, a ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma don haraji, wani ɗaya cikin goma don gyara. Haya ta jika 30, jika 24 ne naka. A yi yarjejeniyar haya a rubuce, a riƙa ba da rasit ana ajiye kwafi, don ran da ofis ya ƙiyasta hayar fiye da yadda take, wannan ce hujjarka.

Ran da takarda ta zo, ga yadda ake bi da ita.

Rubuta ranar da ta iso hannunka a bayanta, don wa'adin ƙorafi da na biya daga rana ake ƙirga su. Ka sa wanda ya iya Faransanci sosai ya karanta maka ita duka, ya nuna maka abu biyar: sunan da ke kai, lambar fili ko shago, shekarar da ake bi, asalin harajin, da tarar da aka ɗora. Ana samun takardar da ta ɓace hanya, ta maƙwabci ko ta mai suna irin naka, ko ta shekarar da ka riga ka biya.

Kada a sa ta ƙarƙashin katifa. Tara tana ƙaruwa da jinkiri, kuma ofishin haraji yana da ikon rufe shago, ko ya aika wa banki ko ɗan haya takardar da ake kira avis à tiers détenteur, wadda ke tilasta musu su miƙa masa kuɗinka kai tsaye. Mai fansho da aka taɓa asusunsa a tsakiyar wata ya san abin da wannan ke nufi.

Je cibiyar harajin da unguwarku ke ƙarƙashinta cikin makon, da tsofaffin rasit da takardar gida da yarjejeniyar haya. In akwai kuskure, a rubuta ƙorafi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan ka koma da shi. Maganar baki da ma'aikaci, ko ya ce "Baba, je ka abinka, an gama," ba ta goge komai a rajista, kuma gobe ana iya canza masa wurin aiki. A sani kuma, ƙorafi shi kaɗai ba ya dakatar da biya. Sai an nemi dakatarwar a cikin wasiƙar, kuma ɓangaren da ba ka musu a kansa gara ka biya shi.

In harajin daidai ne amma babu halin biya gaba ɗaya, a nemi abu biyu a rubuce: a raba biyan kashi-kashi, a kuma yafe tara ko a rage ta. A haɗa da takardar fansho da ta asibiti in akwai. An fi sauraron wanda ya zo da wani abu a hannu ya fara biya. Kada ka amsa kason da ya fi ƙarfinka don kunya, don in ka saɓa sau ɗaya yarjejeniyar na iya rushewa.

Biya a wurin karɓar kuɗi na ofis kawai, a karɓi quittance, wato rasit, mai lamba da hatimi, a duba adadin da ke kanta ya yi daidai da abin da ka bayar. Duk wanda ya zo ƙofar gida ya ce a ba shi rabi ya kashe maganar, kuɗinka ya tafi, bashin yana nan. Rasit ɗin a yi masa kwafi, a ɗauki hotonsa a wayar ɗa, a ajiye shi shekara goma.

In abin ya fi ƙarfin asusu

A nan jeri yana da muhimmanci, don firgici kan sa a fara da abin da ya kamata ya zo ƙarshe. Bayan asusun gaggawa, a nemi musayar kwasa a adashi. Sai ƙananan kadarori: akuya, tunkiya, rarar hatsi, babur da ba a hawa. Sai ƴaƴa, kuma a gaya musu adadi da dalili. "Ana neman jika 180 na aikin ido, ina da 70" ya fi "abubuwa sun yi tsanani" saurin kawo amsa. Sai rance marar ruwa daga ɗan'uwa ko aboki, a rubuta da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni, ko da tsakanin wa da ƙane ne.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma akwai wanda ke kashewa. Mai ba da jika 100 a kan jika 10 kowane wata, a shekara ya karɓi 120 kuma uwar kuɗin tana nan. Iyakar da hukumomin kuɗi na yankin suka sa wa ƙananan asusun bashi tun 2014 kashi 24 cikin ɗari ce a shekara, kuma ta bankuna ba ta kai haka ba. Wanda zai ci bashin banki a kan fansho ya tambayi jimlar abin da zai mayar, da kuɗin takardu da inshora, ya kuma tabbatar abin da za a riƙa yanka bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na fanshon ba. Fili da takardar gida su ne ƙarshe. Filin da aka sayar cikin kwana uku, dillalai sun ji ƙamshin matsuwa, ba ya kawo kuɗinsa. Takardar gida kuwa ba a ba da ita jingina a hannun mutum.

Ƴaƴa masu samu su haɗa asusun iyaye tun lafiya na nan. Kowa da abin da zai iya a wata, ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana ko Al Izza ga na nesa, mutum ɗaya ya riƙe, ya riƙa sanar da sauran abin da ya shiga da abin da ya fita. Rashin wannan bayanin ne ke kashe irin wannan asusu, ba rashin kuɗi ba. Su kuma ja kunnen iyaye a kan kiran waya: wanda ya ce ɗanka ya yi hatsari a turo kuɗi yanzu, ko ya ce daga kamfanin waya yake a faɗa masa lambar sirri, a kashe a kira ɗan da kansa.

Takardun da iyali za su nema

Fansho yakan tsaya in ba a kai takardar shaidar rayuwa ko ba a je tantancewa a kan lokaci ba, kuma dawo da shi yana ɗaukar watanni. A rubuta lokacinta a takardar shekara. Wanda ƙafa ta gaza ya yi wa ɗa amintacce takardar wakilci a hukumance tun yana iya sa hannu.

A haɗa komai a jaka ɗaya mai leda: littafin fansho, katin ɗan ƙasa, takardun haihuwar yara, acte de cession (takardar ba da fili) ko titre foncier (takardar cikakkiyar mallaka) na gida, rasit ɗin haraji, lambobin asusu, da jerin bashi, wanda ake binka da wanda kake bi. Gidan da har yanzu yake kan acte de cession da sunan wanda ya sayar maka, a gyara shi yanzu. Tun 2006 aka sauƙaƙa hanyar samun titre foncier da tsarin da ake kira Sheda, kuma abin da kai za ka gama da tafiya kaɗan, magada sai sun haɗa sa hannun kowa.

Takardar aure ta hukuma ita aka fi mantawa. Aure da yawa an ɗaura su a masallaci shekara arba'in da suka wuce ba a rubuta ba, kuma asusun fansho ba ya biyan matar mamaci sai da takarda. Maigida ya je kotu da shaidu biyu a yi hukuncin da ke tabbatar da auren, na kowace mata in sun fi ɗaya, tun yana raye. Uwargida ta san inda jakar take da abin da ke cikinta.

In rasuwa ta zo, a sanar da ofishin rajistar farar hula a makonnin farko a karɓi takardar rasuwa, don in wa'adi ya wuce sai ta kotu. Sai zaman iyali a rubuta wanda aka wakilta, sai takardar gado daga kotu, sannan a kai wa CNSS ko CARENI da banki. A sanar da ofishin haraji ma, don hayar gidan mamaci ba ta daina jawo haraji, kuma tarar tana taruwa ne a kan magada. Daga dukiyar ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, har da na haraji, sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba. Abincin zaman makoki da sadakar uku da ta arba'in ba sa cikin wannan jeri. In akwai marayu ƙanana a cikin magada, wanda ke son a dafa ya dafa daga aljihunsa.